Hayar Waƙa Ko Mallakarta: Wace Hanya Ta Dace Da Mai Son Waƙoƙin Lungu?

Akwai wata waƙa da nake ƙauna, ta wasu mutum uku masu kaɗa kayan tsirkiya, waɗanda har yau ban haɗu da wanda ya taɓa jin sunansu ba. Shekara biyu tana cikin jerin waƙoƙina a wata manhaja da nake biya duk wata. Wata safiya na buɗe jerin sai na ga sunanta ya dusashe, ya koma launin toka. Na danna, shiru. Na sake dannawa, shiru. Kuɗin watan sun fita daga asusuna lafiya lau, sauran waƙoƙi suna nan daram, ita kaɗai ta yi ɓatan dabo, kuma babu wanda zan riƙe in tambaya. Daga ranar na zauna na auna hanyoyin da mutum ke samun waƙa a wannan zamani.

In dai abin da kake saurara shi ne wanda duniya ke yayi, kowace hanya ka bi za ta kai ka. Zaɓin yana da nauyi ne ga wanda kunnensa ya karkata zuwa lungu: mai son fado na Fotugal, ko ƙawwali na Pakistan, ko waƙar maƙogwaro ta Tuva da Mongoliya, ko wani mawaƙi da masu sauraronsa duka ba su cika ɗari biyar ba. A da, irin wannan mutum yana shan wuya, domin kantar mai shago tana da iyaka, kuma ba zai ba da gurbi ga faifan da sai a shekara ba a saye shi ba. A 2004 Chris Anderson, editan mujallar Wired a lokacin, ya kawo hujjar cewa intanet ta rushe wannan kanta: tunda ajiye fayil kusan kyauta ne, ƙananan kayan da kowanne ke da masu saye kaɗan za su taru su zama babbar kasuwa. Rabin maganar ya tabbata, don Spotify kaɗai yana da waƙoƙi sama da miliyan 100. Ɗaya rabin kuwa da sauran rina a kaba. Rahoton kamfanin Luminate na 2023 ya nuna cewa waƙoƙi fiye da miliyan 45 da ke kan dandalin sauraro ba a kunna su ko sau ɗaya ba a shekarar. Kantar ta faɗaɗa, amma kunnuwan jama'a suna nan cunkushe a bakin ƙofa.

Ma'aunan da na yi amfani da su

Na farko kuɗi, kuma tambayar ta wuce nawa ne, har da yaushe biyan zai ƙare. Na biyu samuwa: abin da kai kake so yana wurin, ko kuwa miliyoyin da ake tallatawa na wasu ne? Na uku ɗorewa, wato ko za ka iya kunna waƙar nan da shekara goma. Na huɗu sauƙi, wanda ya haɗa da data, wurin ajiya da ingancin sauti. Na biyar haɗari. Na ƙara ɗaya da ba kowa ke sa shi a lissafi ba: nawa ne daga kuɗinka ke isa hannun mawaƙin. Ga babban tauraro wannan ba komai ba ne. Ga mai masoya ɗari biyar, shi ke nuna ko zai sake shiga ɗakin ɗaukar sauti ko zai rataye kayan kiɗansa.

Biyan wata-wata

Wannan ita ce hanyar da ta mamaye kasuwa. Spotify ya fara aiki a Suwidin a 2008, Apple Music ya biyo a 2015, ga Deezer, Tidal da YouTube Music. Sauraro kai tsaye ta intanet yanzu shi ke kawo kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin da masana'antar waƙa ke samu a duniya.

A fuskar kuɗi, kowace ƙasa da nata farashin, wasu ƙasa da na Amurka nesa ba kusa ba. Amma na Spotify a Amurka ya nuna inda aka dosa: dala 9.99 ya tsaya cak daga 2011 har 2023, sannan ya koma 10.99, ya sake hawa 11.99 a 2024. A wannan farashi na 2024, shekara ɗaya ta tashi kusan dala 144. Ga wanda ke jin sababbin waƙoƙi ɗari a wata, araha ce ta gaske. Ga wanda ke juya albam goma sha biyar shekara da shekaru, yana sake sayen abu ɗaya ne duk shekara, kuma ran da ya daina biya hannunsa fayau.

Wajen sauƙi babu mai kama ƙafarta. Ka rubuta suna, waƙa ta fara. Za ka iya sauke waƙoƙi don ji ba tare da intanet ba, sai dai a san cewa wannan saukewar ba mallaka ba ce: fayil ɗin a kulle yake cikin manhajar, kuma a Spotify dole ka hau intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30, in ba haka ba ya rufe. Data kuwa lissafinta a fili yake. Sauti mai inganci na kilobit 320 a daƙiƙa yana cin megabayit 144 a awa ɗaya, matsakaici na 160 yana cin 72.

Alherin da wannan hanya ta yi wa waƙar lungu shi ne gano sabon abu. Manhajar tana lura da abin da kake ji, ta kwatanta da na masu irin kunnenka, ta kawo maka wanda ba ka sani ba. Ta haka na gamu da mutum ukun nan tun farko, don haka ba zan yi butulci ba. Sai dai lissafin nata yana da hali: abin da aka riga aka saurara da yawa shi ya fi samun turawa, kuma in ka daɗe tana ba ka irin abu ɗaya, kunnenka zai ƙuntata ba ka ankara ba. Tsarin binciken ma an gina shi ne a kan mawaƙi, waƙa, albam. Kiɗan da ke da marubuci dabam, jagora dabam, makaɗa dabam, kan rikice a ciki, shi ya sa Apple ya sayi Primephonic, manhajar kiɗan gargajiyar Turai, a 2021 ya fitar da tasa manhajar ta musamman don wannan kiɗa a 2023.

Inda gizo ke saƙar shi ne rabon kuɗi. Yawancin dandalin suna zuba kuɗin kowa a tukunya ɗaya, su cire kasonsu, su raba kusan kashi biyu cikin uku ga masu haƙƙin mallaka gwargwadon yawan kunnawa. Ma'ana, ko da wata guda ka yi ba ka ji kowa ba sai mawaƙinka na lungu, mafi yawan kuɗinka manyan taurari za su tafi. Ana ƙirga kunnawa ɗaya ne da zarar waƙa ta kai daƙiƙa 30, saboda haka ƙawwali mai minti ashirin da waƙar yayi mai minti biyu duk ɗaya suke a ma'auni. Wanda ya ɓata minti ashirin a kan ta biyun ya biya mai ita sau goma. Abin da aka saba ƙiyastawa shi ne kunnawa ɗaya tana kawo tsakanin sulusi da rabin santi ɗaya na dala, kafin kamfanin faifai da dillali su ɗauki nasu. Daga 2024 kuma Spotify ya sa sharaɗin cewa waƙar da ba ta samu kunnawa 1,000 cikin wata goma sha biyu ba, ba za ta samu ko anini daga wannan tukunyar ba. SoundCloud ya gwada wata hanya a 2021, inda kuɗin mai sauraro ke bin waɗanda ya saurara, Deezer ma ya gyara nasa tsarin a 2023, amma tukunyar gama-gari ce har yanzu ke mulki.

Ɗorewa ita ce babbar rauninta, kayan aro ba ya rufe katara. Waƙa tana zama a dandali ne muddin yarjejeniya tana raye. A watan Maris na 2021 ɗaruruwan waƙoƙin Koriya ta Kudu sun ɓace daga Spotify cikin dare ɗaya saboda wa'adin yarjejeniyarsa da kamfanin Kakao M ya ƙare, sai bayan kwanaki aka sasanta. Mawaƙi Neil Young ya janye nasa daga Spotify a 2022, bai dawo ba sai 2024. Waɗannan manya ne, an yi ta surutu har aka dawo da su. Ƙaramin mawaƙi kuwa yawanci ta hannun dillalin intanet yake ɗora waƙarsa, kuma wasu dillalan kuɗin shekara-shekara suke karɓa. Ya daina biya, ko ƙungiyar ta watse, ko ya rasu, sai waƙar ta sauka babu ko sanarwa. Dandalin kansa ma yana iya mutuwa, kamar yadda Google Play Music ya rufe a 2020.

Sauraron kyauta mai talla

YouTube, SoundCloud, Audiomack da ɓangaren kyauta na Spotify. Ba ka biyan kuɗi, kana biya da lokacinka da datarka da bayanan abin da kake so. Talla takan faɗo a tsakiyar doguwar waƙa, kuma a YouTube na kyauta in ka kashe fuskar waya sautin ya tsaya. Bidiyo yana cin data ninkin-ba-ninkin abin da sauti zalla ke ci, ko da hoto ɗaya ne a tsaye daga farko har ƙarshe.

Duk da haka, a ma'aunin samuwa wannan hanya ce zakara, musamman YouTube. Dalili shi ne ba kamfanoni kaɗai ke ɗorawa ba. Wani ya tsinci tsohon kaset a akwatin mahaifinsa ya juye shi, wani ya ɗauki wasan da aka yi a ɗan ƙaramin zaure, wani ya ɗora faifan da kamfaninsa ya mutu tun shekara arba'in. Abubuwa da yawa babu su a ko'ina sai can. Akwai wata waƙar Japan ta 1984 da ba ta yi wani tashe ba lokacin fitowarta. Wani masoyi ya ɗora ta a 2017, lissafin YouTube ya riƙa tura ta ga mutane, aka kalle ta sau miliyoyi, har ta farfaɗo da wani salon kiɗa gaba ɗaya a wajen Japan. Sannan aka cire bidiyon na wani lokaci, ba ma a kan waƙar ba, a kan haƙƙin mallakar hoton da aka liƙa mata. Labari ɗaya ya nuna ƙarfin hanyar da rauninta.

Ingancin sauti a nan caca ne, wani tas, wani kamar daga cikin rijiya. Kason mawaƙi ya fi na biyan wata-wata ƙanƙanta, kuma in ba shi ya ɗora ba yana iya tashi a tutar babu. Batun ɗorewa kuwa, a tuna da MySpace, tsohon dandalin sada zumunta: a 2019 ya amsa cewa ya rasa waƙoƙin da aka ɗora masa tsakanin 2003 da 2015 wajen sauya ma'ajiya, kimanin miliyan 50, da yawansu na ƙananan mawaƙa.

Sayen fayil

Apple ne ya fito da wannan kasuwa fili a 2003 da shagon iTunes, waƙa ɗaya santi 99, bayan Napster ya koya wa duniya karɓar waƙa kyauta daga 1999 har kotu ta durƙusar da shi a 2001. Da farko fayilolin a kulle suke, sai a 2009 aka cire makullin. Yau wanda ya fi amfani ga mai son waƙar lungu shi ne Bandcamp, da aka kafa a 2008. Mawaƙi ne ke buɗe shafinsa, ya sa farashinsa, wani ma ya ce ka biya abin da ka ga dama. Kana iya jin albam kafin ka saya. In ka saya, ka zaɓi MP3 ko FLAC, wanda ke riƙe sautin yadda yake a faifan CD ba tare da an rage komai ba.

Kuɗin sau ɗaya ne. In aka ɗauki albam a dala 10, kuɗin haya na shekara ɗaya a farashin Amurka na 2024 ya sayi albam goma sha huɗu da za su zauna tare da kai. Bandcamp yana cire kashi 15 cikin 100 a kan fayil, yana saukowa zuwa 10 in cinikin mawaƙi ya wuce dala 5,000, sai ɗan kuɗin masu tura kuɗi. Wato daga dala 10 wajen takwas za su shiga hannun mai waƙar ko ƙaramin kamfaninsa. Kafin ya samu haka ta hanyar sauraro kai tsaye sai an kunna waƙarsa kusan sau dubu biyu. Masoya ɗari biyar da suka sayi albam sun ba shi abin da kunnawa miliyan ɗaya za ta ba shi. A ganina wannan shi ne ainihin abin da fasahar zamani ta yi wa ƙananan kasuwanni: ta ba mawaƙi hanyar tattaro masoyansa da ke warwatse a ƙasashe talatin ya sayar musu kai tsaye.

Wahalarta ita ce aikin ajiya ya dawo wuyanka. Waya ta faɗa ruwa, katin memori ya lalace, kwamfuta ta ƙi tashi, shi ke nan in ba ka da kwafi. Ni dai ina ajiye kwafi uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a ma'ajiyar waje da ke cikin aljihun tebur, ɗaya a ma'ajiyar intanet. Kada ka dogara da cewa shagon zai bar ka ka sake saukewa har abada. Bandcamp ya sauya hannu sau biyu cikin shekara biyu, Epic Games ya saye shi a 2022, Songtradr ya karɓa a 2023. Ka sauke abin da ka saya tun ranar da ka saya. FLAC yana da cin wuri, albam ɗaya yakan kai megabayit ɗari uku ko fiye, MP3 mai kyau bai kai rabin haka ba. Sannan ana bukatar katin da ke biyan kuɗi a intanet, kuma manyan taurari da yawa ba sa Bandcamp.

Faifai da kaset

An yi wa faifan garmaho jana'iza tuntuni, sai ga shi ya tashi. A Amurka a 2022 an sayar da faifan garmaho miliyan 41, CD miliyan 33, karo na farko da ya wuce CD a yawa tun 1987. Ƙananan kamfanoni sukan buga kwafi ɗari uku ko ɗari biyar, masoya su wawashe, daga baya a riƙa cinikinsu a Discogs, kasuwar faifai ta intanet, wani lokaci da tsadar da ta ninka ta asali. Wannan ce kaɗai hanyar da za ka iya sake sayar da abin da ka saya, ko ka bayar kyauta, ko a gada.

Ita ce kuma mafi tsada da wahala. Sabon faifan garmaho sau da yawa ninkin kuɗin CD ne ko fiye, ga na'urar kunnawa, ga allura da ke cinyewa, ga kuɗin aikowa da kan zarce kuɗin faifan. Zafi yana lanƙwasa shi, ƙura tana sa shi ƙara, kowane gefe minti ashirin da 'yan kai ne sai ka tashi ka juya. Kaset ya fi arha amma zarensa yana saki. Wanda aka raina a cikinsu, CD, shi ne ya fi hankali: na hannu yana da araha, sautinsa cikakke ne, ana iya juye shi zuwa FLAC cikin mintuna, kuma ɗan littafin da ke cikinsa yana ɗauke da sunayen makaɗa, wurin ɗauka da shekara, bayanan da manhajoji kan yi watsi da su.

| Ma'auni | Biyan wata-wata | Kyauta mai talla | Sayen fayil | Faifai |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | Kaɗan, ba ya ƙarewa | Babu, sai data | Sau ɗaya | Mafi tsada |
| Samuwar waƙar lungu | Da dama, da giɓi | Mafi yawa | Mai kyau ga masu zaman kansu | Sai an nema |
| Ɗorewa | Muddin kana biya, yarjejeniya na raye | Babu tabbas | Muddin kana da kwafi | Shekaru, in an kula |
| Sauƙi | Mafi sauƙi | Sauƙi, da katsewa | Sai da tsari | Mafi wahala |
| Kason mawaƙi | Ƙanƙani | Mafi ƙanƙanta | Mafi tsoka | Mai kyau in sabo ne, babu in na hannu ne |
| Babban haɗari | Waƙa ta ɓace, farashi ya hau | A cire ta | Ma'ajiya ta lalace | Zafi, karce, sata |

Ban sa shafukan saukewa na sata a teburin ba. Bayan mawaƙi ba ya samun komai, maɓallan saukewa na bogi da ke cikinsu hanya ce sananniya ta shigo da manhajar ɓarna cikin waya.

Wa ya dace da wacce

Mai yawon kunne, wanda yau yana Birazil gobe yana Indiya kuma ba kasafai yake komawa waƙa ɗaya ba, biyan wata-wata ne nasa. Kafin ya biya, ya rubuta sunayen mawaƙa goma mafi ɓuya a cikin waɗanda yake so, ya bincika su a lokacin gwaji na kyauta. In bakwai sun fito, wurin ya yi. In uku ne, ya gwada wani dandalin.

Wanda aljihunsa bai da nauyi, ko mai farautar tsofaffin ɗauka da ba a sake bugawa ba, hanyar kyauta ta ishe shi, amma ya riƙa rubuta sunan mawaƙi da na waƙa da shekara a wani wuri dabam. Bidiyon da aka cire ba ya barin ko suna a jerinka.

Wanda ke zaune inda intanet ke yankewa, ko mai yawan tafiya, ko mai 'yan mawaƙa ƙalilan da yake so su ci gaba da aiki, ya sayi fayil. Haka ma malami ko mai bincike da ke bukatar waƙa ɗaya ta kasance a hannunsa duk lokacin da ya neme ta.

Faifan garmaho na mai wurin ajiya ne da rarar kuɗi, wanda zama a saurari gefe guda ba tare da taɓa waya ba yake cikin abin da yake nema. Mai son mallaka ba tare da wannan ɗawainiya ba ya nemi CD na hannu ya juye.

Ni na raba ƙafa. Na koma ƙaramin tsarin biya don neman sababbi, kuma duk albam ɗin da na tsinci kaina na koma masa sau biyar, sai in nemi inda mai shi ke sayarwa in saya. Mutum ukun nan na same su bayan wata huɗu, a wani shafin sayarwa da ɗayansu ya buɗe da sunansa shi kaɗai. Fayil ɗin megabayit 41 ne, yana nan a wuri uku.